Digiri Ashirin da Biyu

Litinin, 8 ga Janairu, ƙarfe huɗu na yamma

Mita: saura yunit 74.

Littafin nan na awon ƙafar masu kawo ɗinkin takalma ne, amma shafukan baya babu rubutu, don haka a nan zan riƙa rubuta abin da mita ta ci kullum.

Nas ɗin unguwarmu ta zo ɗazu. Ta hau bene biyar tana haki, ta duba jaririyar 'yata, ta ɗaga ma'aunin zafi a tsakiyar ɗaki ta ce sha huɗu. Ta ce, "Usto Tolib, yarinyar nan bakwaini ce kusan, wata takwas ta yi a ciki. Ba ta da tsokar da za ta riƙe ɗumi. Ɗakin nan dole ya kai ashirin da biyu, dare da rana, in ba haka ba sanyi zai kama mata ƙirji." Na ce to. Ta bar mini aron ma'aunin. Usto, haka ake kiran mai sana'ar hannu a nan.

Ashirin da biyu. Tun rasuwar matata Sanavbar, shekara huɗu ke nan, gidan nan bai ga ashirin da biyu a watan Janairu ba. Bututun ɗumama gida na benenmu ya mutu tun Zarnigor tana rarrafe, kowa a garinmu Khujand da hitarsa yake ji da kansa. Ni ba na kunna tawa sai in zan yi alwalar asuba. Da kwat da hula nake kwana, gari ya waye in tafi rumfata a kasuwa.

Zarnigor 'yata ce, ita kaɗai Allah ya ba ni. Ran Alhamis aka kawo ta a tasi, ita da jaririya da gadon lilo da jaka biyu. Surukarta ko fitowa daga motar ba ta yi ba. Dalili ba zan rubuta a nan ba. Sunan mijin nata ma ba zan rubuta ba. Yana can Rasha, abin da zai faɗa ya faɗa a saƙon waya, layi biyu.

Sunan jaririyar Munisa. Kwananta goma sha tara a duniya.

Talata, 9 ga Janairu, ƙarfe goma na safe

Na tsaya gaban mita da agogo a hannu. Hitar tana cin yunit biyu a awa. In ta kwana ta yini, somoni goma sha shida ke nan a kuɗinmu, ban da madarar gwangwani, tunda Zarnigor ba ta shayarwa. Ranar da kasuwa ta yi kyau nakan tashi da arba'in.

Na rufe babban ɗaki, na toshe ƙasan ƙofarsa da tsohon wando. Mu uku mun koma ƙaramin ɗakin da ke da baranda, don shi ne rana ke bugawa. Tagogi na lulluɓe su da leda ninki biyu, na bi gefen da gam ɗin takalmi. Dardumar falo na kafe ta a bangon da ke kallon waje. Ƙofar ɗaki na rataya mata bargo. Firji na zare shi, abinci ya koma baranda, can ya fi firjin sanyi. Kwan fitila ɗaya na bari a gidan gaba ɗaya.

Tsarin da na yi: hita minti arba'in a kunne, ashirin a kashe. In na dafa shayi, ragowar ruwan zafin in ɗura a kwalabe in jera gefen gadon yarinya, a naɗe da safa.

Laraba, 10 ga Janairu, bayan azahar

Sha tara. Duk abin da na yi, sha tara. Mita: 38.

Alhamis, 11 ga Janairu, ƙarfe tara na safe

Ni nake ba ta madara. Nas ta nuna mini yadda ake ɗiga a bayan hannu a ji zafin. Bayan hannuna ya mutu da gam da sanyi, ba na jin komai, sai dai in ɗiga a leɓe. In zan taɓa fuskarta ina jin tsoron in karce ta.

Zarnigor tana kwance, fuska a bango.

"Zarnigor, tashi ki sha shayi, ga gurasa da ɗuminta."

"Na ƙoshi, Baba."

"Yarinyar tana kuka."

"Na ji."

Iyakar hirarmu ke nan tun jiya. Zarnigor ɗin da a da in ta fara surutu uwarta sai ta toshe kunne.

Na sauka sayen yunit, na haɗu da Muborak-apa a matakala, tsohuwar da ke ƙasan gidana a hawa na huɗu. Shekara tara ba ma gaisawa sai da gatse, tun da famfona ya yi yoyo ya ɓata mata rufin ɗaki. Ta dube ni ta ce, "Usto, ina ta jin kukan jinjiri a kaina. Ashe haihuwa ka yi ba ka gaya mana ba?" Na ce 'yata ce ta zo wankan jego. Ta ce, "Wankan jego a gidan gwauro? Wa ke dafa mata ruwan, kai?" Na wuce abina.

Na sa yunit na somoni ashirin. Kuɗin da ya rage a gwangwanin shayi ba shi da yawa.

Asabar, 13 ga Janairu, ƙarfe takwas na safe

Kwana tara rabona da rumfa. Yau dole in je. Na haɗa madara kwalba biyu, na nuna wa Zarnigor agogo da makunnin hita. Ta ce to. Awa uku kawai zan yi.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Na dawo.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Tun daga hawa na uku na jiyo kukan. Da na buɗe, ɗakin kamar waje. Ma'auni ya nuna shida. Ƙofar baranda a wangale, labule yana tashi. Hita tana ta ci a banza.

Zarnigor tana tsaye a baranda, ba takalmi, ba ɗankwali, hannunta biyu a kan ƙarfen. Na kira ta sau uku. Ban yi gudu ba, a hankali na taka. Na kama hannun rigarta. Ta ce shanya ta fito kwashewa.

Babu shanya a igiyar. Ni na kwashe da safe.

Na sa Munisa a cikin rigata, a kan fatar cikina, sai da ta yi awa guda kafin ƙafafunta su yi ɗumi. Na samo somoni ashirin da biyar a kasuwa. Yunit shida suka tafi a iska.

Lahadi, 14 ga Janairu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na shigo da abincin baranda, na kafe ƙofar da ƙusa. Saboda iska. Tana shigowa ta gefen ƙofar sosai.

Na tattara ragowar magungunan Sanavbar da ke cikin kabad na zubar. Sun cika wuri. Wuƙaƙen aikina na sa su a akwati na kulle, kada su yi tsatsa.

Litinin, 15 ga Janairu, bayan la'asar

Ba zan koma kasuwa ba yanzu. Na sa an kawo mini keken ɗinkin takalma da kayan aiki, na kafa su a kicin, na bar ƙofa a buɗe yadda zan riƙa hango ɗakin. Na roƙi maƙwabcin rumfata ya riƙa turo mini mutane. Amma wa zai hau bene biyar saboda dunduniya? Yau takalmi ɗaya na samu, na wata malamar makaranta da ke hawa na biyu. Somoni takwas.

In na fita, in bar ta ita kaɗai. In na zauna, mita ta ƙare. Na juya maganar nan ta kowane gefe.

A kicin ba hita. Numfashina ina ganin sa. Zare yana kuɓuce mini, sai in sa yatsu a hammata in jira.

Talata, 16 ga Janairu, safe

Mita: 17. Zarnigor ba ta ci komai ba.

Laraba, 17 ga Janairu, ƙarfe uku na rana

Na sayar da firji da talabijin. Mai sayen ya yi dariya ya ce, "Usto, firji a Janairu? Ai yanzu ko gawa ba ta buƙatarsa." Abin da ya ba ni bai kai rabin kuɗinsu ba, na karɓa. Madara gwangwani biyu, yunit ɗari da hamsin, man girki, gurasa.

Wani sabon abu: ƙyallayen yarinya da nake shanyawa a kujera gaban hita sun sa ɗakin ya yi raɓa. Leda tana zubar da ruwa, kusurwar bango ta yi baƙi. In na buɗe taga ɗumi ya fita, in na rufe bango ya yi fumfuna. Na koma shanya su a kicin, can kuma daskarewa suke yi kamar faifai.

Sanavbar, ke da kin san abin da za ki ce mata. Ni in na buɗe baki, maganar shayi ce ke fitowa.

Juma'a, 19 ga Janairu, ƙarfe ɗaya na rana

Sanyi ya sauko daga duwatsu. An ce sha uku ƙasa da sifili. Dusar ƙanƙara tun jiya. Na daina kashe hita ko na minti ɗaya, duk da haka sha bakwai. Gidana shi ne na ƙarshe a sama, kuma a kusurwa, iska ta gefe uku take dukan sa.

Munisa ta fara tari. Ƙaramin tari, kamar na kyanwa. Nas ta zo, ta saurari ƙirjinta ta daɗe, ta rubuta magani. Ta ce in ya ƙaru sai asibiti. Ta dubi Zarnigor, ta dube ni, ta ce, "Ita fa? Tana barci? Tana ci?" Na ce gajiyar haihuwa ce. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, na miƙa mata jakarta.

Ina jin kiran sallar Juma'a. Karo na uku ke nan ban je ba.

Asabar, 20 ga Janairu

Sha bakwai.

Lahadi, 21 ga Janairu, ƙarfe huɗu na yamma

Fozil ya kawo takalminsa, mai gyaran wuta da ke bene na gaba da namu. Ya zauna a kicin yana hura hannu. Ya leƙa mita ya yi fito.

"Usto, kai kaɗai ka rage waliyyi a unguwar nan. Hita ɗaya ba za ta riƙe gidan nan ba, sai biyu. Biyu kuwa ko ministan kuɗi ba zai iya biya ba."

Na ce to yaya zan yi.

"Waya ɗaya zan zagayo maka ta bayan mita. Minti ashirin. Zan bar maka fitila da butar shayi a kan mitar don ta riƙa motsi, kada su gane. Hita ta biyu ma ina da ita, in ara maka."

Na ce shekara talatin da shida ina ɗinki ban taɓa sa wa mutum kwali a madadin fata ba. Ya ce, "Ai ba a binne jariri da gaskiyar kakansa, Usto, da likkafani ake binne shi." Na ce ya ɗauki takalminsa ya fita. Ban karɓi kuɗinsa ba, da na karɓa.

Litinin, 22 ga Janairu, safe

Mita: 49. Tarin ya ƙaru. In tana jan numfashi, ƙasan wuyanta yana loɓawa.

Talata, 23 ga Janairu, ƙarfe sha ɗaya

Wuta ta ɗauke da hantsi. Ba mutanen wuta suka ɗauke ba, mitar ce ta kai sifili. Somoni shida ne a gidan. Na kulle ƙofa daga waje, na sauka a guje, na sa na shida, na dawo a guje. Minti ashirin da biyar. Ɗakin ya sauka zuwa sha ɗaya.

Yanzu in zan fita kulle su nake yi daga waje. Ban san me hakan yake hanawa ba, amma ina yi.

Zarnigor ta juyo ta dube ni ina haki. Ta ce, "Baba, ba don mu ba da ba ka shiga wannan wahalar ba." Na ce ta daina. Ta ce, "Yarinyar ma da ta fi samun kulawa." Na daka mata tsawa. Ban taɓa yi mata tsawa ba tun tana 'yar makaranta. Ta juya bango.

Laraba, 24 ga Janairu, ƙarfe biyu na rana

Na je gidan Fozil da ƙafata. Bai goranta mini ba, Allah ya saka masa da wannan kaɗai. Ya ɗauko jakarsa ya biyo ni.

Hita biyu a soket ɗaya. Ya ce wayoyin bango tsofaffi ne, in riƙa taɓa soket ɗin ina ji.

Alhamis, 25 ga Janairu, ƙarfe tara na safe

Ashirin da uku.

Na zauna ina kallon ma'aunin kamar wanda aka yi wa bushara. Munisa ta yi barcin awa huɗu a jere, kumatunta sun yi ja. Zarnigor ta cire rigar sanyi, ta tashi zaune, ta ci rabin gurasa da shayi mai madara. Har ta ce gashinta yana son wanki.

Da na tsaya salla sai na rasa raka'a nawa na yi. Duk ƙarar takalmi a matakala sai in ɗauka mutanen wuta ne.

Juma'a, 26 ga Janairu, yamma

Ashirin da uku. Tarin ya yi sauƙi. Na kulle su na je kantin magani, awa guda na yi saboda layi. Soket ɗin yana da ɗumi, amma ai komai a ɗakin yana da ɗumi.

Asabar, 27 ga Janairu, ƙarfe huɗu na yamma

Bari in rubuta a hankali.

Wajen sha biyun rana ina kicin ina manna tafin wani takalmin but, gwangwanin gam a buɗe gabana. Warin gam ya cika mini hanci, ban ji komai ba. Sai na ji ihu, "Baba, wuta!" Kafin in miƙe ta wuce ni kamar iska, Munisa a ƙirjinta, ta lulluɓe ta da bargo. Ta fizgi ƙofa ta fita, ƙafa ba takalmi.

Soket ɗin ya narke. Wuta ta bi dardumar da na kafe a bango, ta kama leda, ledar tana ɗiga da wuta a kan shimfiɗa, taku biyu daga gadon lilo. Na kashe babban makunni, lantarkin bai ɗauke ba, don wayar Fozil ba ta bi ta nan ba. Na fizge ta da filaya. Na yaye dardumar na danne ta da katifa, na yi ta kwara ruwan bokiti. Maza biyu daga ƙasa suka hawo suka taya ni. Tafin hannuna na hagu ya ƙone, ban sani ba sai daga baya.

Na sauka neman su. Suna can ƙofar bene a cikin ƙanƙara, mata sun kewaye su. Wata ta miƙa hannu za ta karɓi yarinyar, Zarnigor ta ƙi saki. Tana ta cewa, "Tana numfashi? Ku duba mini, tana numfashi?" Tana numfashi. Kuka ma take yi.

Tun da aka kawo su gidan nan ban ga ta ɗauke ta da kanta ba sai yau.

Jiya war haka ƙofar a kulle take daga waje, makullin yana aljihuna, ni ina layin kantin magani.

Lahadi, 28 ga Janairu, ƙarfe goma na safe

Muborak-apa ce ta ratsa matan jiya, ta kama Zarnigor a kafaɗa ta ce, "Wuce mu je, 'yar nan." Ta kai su gidanta, ta rufe ƙofa a fuskata.

Yau na ƙwanƙwasa. Ta fito ta jawo ƙofar a bayanta, muka tsaya a matakala.

"Da ruwa ka fara, yanzu ka koma wuta. Saura me, girgizar ƙasa?"

Na ce ta yi haƙuri, zan zo in ɗauke su da zarar na gyara ɗakin.

"Ka ɗauke su ka kai ina? Zo nan, Tolib. Ran nan ina zaune na ji guduma a kaina. Na ƙirga, ƙusa goma sha ɗaya ka buga a ƙofar baranda. Iska ake buga wa ƙusa goma sha ɗaya?"

Ta rage murya ta ci gaba.

"'Yarka ba ta da lafiya. Ba gajiya ba ce, ba ta kuma yi maka taurin kai ba. Ciwo ne, yana kama mace bayan haihuwa, balle wadda aka yi wa abin da aka yi mata. Da na haifi ɗana na biyu wata uku na yi ba na son ganin fuskarsa. Uwar mijina ta zauna da ni dare da rana, ba don ita ba da ba ka samu wanda za ka yi wa yoyo ba. Kai kuwa ka kulle ta a ɗaki kana ta auna bango."

Na ce ban so mutane su ji ba. An riga an yi da ita a bakin duniya.

"Mutane sun ji tun ranar da tasi ya tsaya. Gobe zan kai ta wurin likita. Kai je ka sa wa hannun nan magani, yana wari."

Na hau sama na zauna a kicin. Na yi kuka, ban yi shi ba ko ranar jana'izar Sanavbar.

Litinin, 29 ga Janairu, ƙarfe ɗaya na rana

Mutanen wuta sun zo su biyu. Sun ga wayar, sun ɗauki hoto. Suka tambayi wanda ya haɗa, na ce ni ne. Ƙaramin cikinsu ya dubi akwatin aikina ya ce, "Kai da basilla ka haɗa?" Na ce ni ne. Sun yanke layin gidan, sun manna takarda a mita. Sun ci ni tara, ga kuɗin sake jan waya. Ba zan rubuta adadin ba.

Fozil ya aiko a karɓa masa hitarsa.

Talata, 30 ga Janairu

A cikin ɗaki: biyu ƙasa da sifili. Ruwan bokiti ya daskare.

Laraba, 31 ga Janairu, bayan la'asar

Na sayar da keken ɗinkin takalma. Wanda ya koya mini sana'a ne ya bar mini shi. Mutum biyu suka sauko da shi, na riƙe musu ƙofa. Kuɗinsa ya biya kashi biyu cikin uku na tarar.

Zarnigor da Muborak-apa sun je wurin likita ran Litinin, sun koma yau. An ba ta magani, an ce ta riƙa zuwa duk mako, kuma kada a bar ta ita kaɗai. Muborak-apa ce ke riƙe da maganin, ita ke ba ta. An duba Munisa, an ce ƙirjin bai washe ba tukuna amma ba sai an kwantar da ita ba.

An bar ni na shiga minti goma. Ɗaki ɗaya suke su uku, hita ɗaya ƙarama, amma gidanta a tsakiyar bene yake, ɗumin maƙwabta yana riƙe shi ta ko'ina. Zarnigor tana zaune, ƙafafunta a naɗe da bandeji saboda ƙanƙarar ran nan. Ta rame. Ta dubi hannuna ta ce, "Baba, a ina kake kwana?" Na ce a wurin wani abokina. Muborak-apa ta harare ni ta saman tabarau, amma ba ta tona ni ba.

Juma'a, 2 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Na koma rumfa da basilla da guduma da hannu ɗaya da rabi. Abin da keke ke yi a minti biyar yanzu awa nake yi. Na samu somoni sha tara. Na je masallaci.

Da na dawo na saya wa mitar Muborak-apa yunit na somoni goma sha biyar, na kai mata takardar. Ta ce, "Me zan yi da wannan?" Na ce jikata ke shan ɗumin. Ta karɓa ta ce, "To saura kuɗin rufin ɗakina na shekara tara." Ta miƙo mini kwanon miya da fulas ɗin shayi ta bakin ƙofa.

Na tambaye ta yaya jikin Zarnigor. Ta ce jiya ta yini ba ta yi magana ba, yau ta yi wa yarinyar wanka da kanta. "Kada ka sa rai da yawa. Rana ɗaya gaba, rana ɗaya baya. Sai mun kai bazara muna wannan."

Rediyon kasuwa ya ce sanyin zai ƙara kwana goma.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Somoni sha ɗaya na samu. Hannun ya kumbura.

Lahadi, 4 ga Fabrairu, ƙarfe uku na rana

Yau ba kasuwa sosai, na zauna share ɗakin da ya ƙone. Na kankare bango, na kwashe narkakkiyar leda, na naɗe shimfiɗar ƙasa da ta jiƙe ta daskare, na fitar da ita. Ƙasan ya rage katako tsirara. Ban san ranar da za a maido mini wuta ba. Ragowar tarar ban san inda za ta fito ba.

Azahar ta same ni a nan. Na yi taimama don ruwa ya zama dutse, na shimfiɗa ɗan tawul kusa da taga. Da na kai goshina ƙasa sai na ji katakon da ɗumi. Ba sosai ba, kamar wurin da mutum ya tashi daga zama. Bayan na yi sallama na shafa da hannu, faɗinsa bai fi tabarma ɗaya ba. Daidai nan hitarsu take a ƙasa.

Na kwanta na sa kunne. Na ji ƙarar cokali a kofi. Na ji tsohuwar tana faɗa da wani a waya. Can sai Munisa ta fara kuka, na yunƙura zan tashi, na manta ba ni ne mai tashi ba.

Kukan ya tsaya. Sai na ji muryar Zarnigor. Kalmomin ba sa ratso katako, amma na san muryar. Irin maganar nan ce da mata ke yi wa jarirai, tambaya a kan tambaya, ba mai amsawa. Ta yi shiru, ta sake farawa. Ta daɗe tana yi.

Na jawo katifata da barguna zuwa wurin. Shayin fulas ya huce a gefena, ban tashi ba sai da aka kira la'asar.